Kafin Ka Tura “Masana Sun Gano…”: Yadda Ake Tantance Sabon Binciken Kimiyya Ta Waya

Duk mai riƙe da babbar waya ya saba cin karo da irin waɗannan labarai: masana sun gano maganin kansa, bincike ya nuna waya na lalata ƙwaƙwalwa, an ƙirƙiro batirin da ba ya mutuwa. Kafin la'asar labarin ya zaga guruf-guruf na WhatsApp, wani ya ɗora masa muryar kwamfuta ya saka a TikTok. Wani lokaci ƙarya ce tsagwaronta. Amma sau da yawa akwai bincike na gaske a bayan labarin, sai dai an sauke shi daga wuta bai gama dahuwa ba.

Binciken kimiyya matakai yake bi kafin ya tabbata, kuma kanun labari ba ya gaya maka a wane mataki yake. A yau za mu ga waɗannan matakai, da misalai daga fannoni daban-daban, sannan mu ga yadda za ka duba da kanka da wayar da ke hannunka.

Takardar bincike kamar manhaja take

Mu masu rubuta manhaja muna da tsari. Da farko mutum ya rubuta kod a kwamfutarsa, yana aiki lafiya lau a wajensa. Sai a fitar da sigar gwaji, wato beta, ga mutane kaɗan. Sai wasu masu rubuta manhaja su bi kod ɗin layi-layi suna neman kuskure. Bayan nan a saka ta a Play Store. Ko a nan ma aiki bai ƙare ba, domin sai dubban mutane sun ɗora ta a wayoyi iri-iri ake gane inda take tsayawa, a fitar da gyara, wani lokaci ma a cire ta gaba ɗaya.

Haka binciken kimiyya yake. Mataki na farko shi ne daftari, wanda masu binciken suka rubuta amma babu wanda ya tantance. Na biyu shi ne bitar takwarori: mujallar kimiyya ta aika takardar ga wasu masana biyu ko uku na wannan fanni, su karanta, su yi tambayoyi, su ce a gyara, a buga, ko a yi watsi da ita. Na uku shi ne maimaitawa: wasu masu bincike da ba su da alaƙa da na farko su sake gwajin su ga ko za su samu abu ɗaya. Na huɗu shi ne tattara bincike da yawa kan tambaya guda a auna su tare. Duk matakin da aka haye, nauyin maganar na ƙaruwa.

Inda ake ajiye daftari

A da, sai an jira watanni kafin mujalla ta buga takarda. A shekarar 1991 wani masanin fiziks mai suna Paul Ginsparg ya buɗe rumbun intanet a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, inda masana za su riƙa ɗora daftarinsu kowa ya karanta kyauta. Shi ne arXiv, wanda ya koma Jami'ar Cornell a 2001, kuma takardun da ke cikinsa sun haura miliyan biyu, a fannonin fiziks, lissafi, kimiyyar kwamfuta da sauransu. Masana halittu sun samu nasu, bioRxiv, a 2013, sannan na fannin lafiya, medRxiv, ya zo a 2019.

Wannan tsari ya kawo alheri mai yawa. A arXiv ne masanin lissafi ɗan Rasha Grigori Perelman ya ɗora amsar wata matsala da ta gagari duniya kusan shekara ɗari, tsakanin 2002 da 2003. A can ne kuma wasu masu bincike takwas na Google suka ɗora takardar da ta gabatar da fasahar Transformer a watan Yunin 2017, fasahar da ChatGPT da ire-irensa suke tsaye a kanta. Harafin T da ke ƙarshen GPT daga nan ya samo asali.

Sai dai masu kula da arXiv ba sa tabbatar da cewa abin da ke cikin takarda gaskiya ne. Suna duba ne kawai ko ta yi kama da aikin kimiyya kuma an saka ta a sashen da ya dace. Kenan sigar beta ce, kuma kamar manhaja, za ka ga an rubuta v1, v2, v3 a jikin takarda idan masu ita sun sake gyara ta.

LK-99: abin da ya tashi intanet, ya faɗi cikin wata guda

Duk wayar lantarki tana ɓatar da wani kaso na wutar da ke bi ta cikinta, ta mayar da shi zafi. Shi ya sa caja da waya ke ɗumi. Akwai wasu sinadarai da ake kira sufakwandakta da ke wuce da lantarki ba tare da asarar komai ba, an san su tun 1911, amma sai an sanyaya su matuƙa, ko an danne su da matsi mai tsanani. Injin MRI na asibiti yana amfani da su, a sanyin da ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifiri. Wanda ya samo irin wannan sinadari da zai yi aiki a zafin ɗaki, ya canza harkar lantarki ta duniya.

A ranar 22 ga Yulin 2023 wasu masu bincike daga Koriya ta Kudu suka ɗora takardu biyu a arXiv suna cewa sun samo shi. Suka sa masa suna LK-99, haɗin dalma ne da tagulla da wasu sinadarai. Aka ga bidiyon wani ɗan gutsure ya ɗaga gefe ɗaya a kan maganaɗisu. Kafofin sada zumunta suka kama da wuta, hannayen jarin wasu kamfanoni suka yi sama.

Da yake an rubuta yadda ake haɗa shi, ɗakunan gwaje-gwaje a Sin, Indiya, Amurka da Jamus suka shiga haɗa nasu. Zuwa tsakiyar Agusta magana ta fito fili. Wani gurɓi na tagulla da farar wuta da ya shiga cikin samfurin shi ne ke sa juriyar lantarkin ta faɗi kwatsam a wajen digiri 104. Da masana a cibiyar Max Planck da ke Stuttgart suka haɗa tsantsarsa babu gurɓi, sai ya zama ma ba ya wuce da lantarki, kamar roba. Tsarin kimiyya ya yi aikinsa cikin makonni. Amma wanda ya ga labarin farko bai ga na biyu ba, har yau yana nan da tsohon zance.

Wani abu makamancin haka ya faru a 2011. Masu gwajin OPERA sun riƙa auna wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, waɗanda ake harbowa daga cibiyar CERN kusa da Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730. Sai lissafinsu ya nuna ƙwayoyin sun riga haske isa, abin da ya saɓa wa ƙa'idar Einstein. Su kansu masu gwajin sun nemi sauran masana su taya su neman kuskure. A farkon 2012 aka gano cewa wata wayar faiba da ke haɗa na'urar GPS da agogon gwajin ce ba ta ɗauru da kyau ba. Duk wanda ya taɓa shan wahalar cajar da bakinta ya saki zai fahimci wannan.

Bugawa a mujalla ba ita ce ƙarshen magana ba

Kada ka ɗauka da zarar takarda ta wuce bitar takwarori shi kenan. Masu bitar karatu suke yi, ba sa sake gwajin. A 2015 wata tawagar masana ta sake gwada bincike 100 na fannin halayyar ɗan Adam waɗanda manyan mujallu suka buga, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. A 2023 kaɗai an janye takardu sama da 10,000 daga mujallu, saboda kuskure ko maguɗi.

Idan magana ta shafi lafiya, gaggawa na iya cin rai. A watan Maris na 2020, farkon annobar korona, tawagar Didier Raoult a birnin Marseille na Faransa ta buga takarda cewa haidiroksi-kulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani, yana kawar da ƙwayar cutar. Mutum 36 kawai aka yi lissafi da su. Ba a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba. Kuma an cire mutum shida daga cikin waɗanda aka ba maganin, uku an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu. Idan ka cire waɗanda jikinsu ya tsananta daga lissafi, ai kowane magani zai yi kyau.

Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yaba wa maganin a bainar jama'a. Cikin kwanaki kaɗan farashin kulorokwin ya tashi a Najeriya, kuma hukumomin lafiya na Legas suka sanar cewa an kwantar da mutane a asibiti saboda sun sha fiye da ƙima.

Amsar gaskiya ta fito ne daga gwajin RECOVERY da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya. An ba marasa lafiya sama da 1,500 maganin, aka kwatanta su da sama da 3,000 da ba a ba su ba, kuma ƙuri'ar kwamfuta ce ta raba su. A Yunin 2020 aka sanar cewa maganin bai rage mace-mace ba. A cikin watan ne kuma gwajin ya nuna cewa deksametazon, wani tsohon magani mai araha, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi. Ita kuwa takardar Marseille sai a Disambar 2024 mujallar ta janye ta, bayan ta gama yin ɓarnar da za ta yi.

Kamannin binciken da ya tabbata

Wannan duka ba ya nufin a daina yarda da kimiyya. Ga yadda abin yake idan an bi matakai.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, wanda masana a Oxford suka ƙirƙira, an gwada shi a kan yara 450 a Nanoro da ke Burkina Faso, kuma sakamakon 2021 ya nuna kariya ta kashi 77 cikin 100 a rukunin da ya fi kyau. Ba a tsaya nan ba. Aka faɗaɗa gwajin zuwa yara kusan 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. Kariyar ta kasance kashi 75 a inda cutar ke zuwa da damina, da kashi 68 a inda take duk shekara. Ghana da Najeriya sun amince da shi a Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a Oktoban shekarar, kuma a Disambar 2024 aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa. Ka lura da yadda adadin ya ɗan sauka da aka ƙara yawan yara da wurare. Haka sahihin sakamako ke yi, ya ɗan ragu amma bai ɓace ba.

Misali na biyu daga fanninmu na kwamfuta ne. Kowane furotin da ke jikin halitta yana naɗewa ya ɗauki wata siffa, kuma siffar ce ke nuna aikinsa. Gano siffa ɗaya a ɗakin gwaji kan ci watanni ko shekaru. Kamfanin DeepMind ya ce manhajarsa ta AlphaFold tana iya hasashen siffar, amma ba maganar kamfanin ce ta gamsar da masana ba. Akwai gasa mai suna CASP da ake yi duk shekara biyu tun 1994, inda ake ba masu gasa furotin ɗin da an riga an gano siffarsa amma ba a bayyana ba. Jarrabawa ce da babu satar amsa. A gasar 2020 AlphaFold ta yi wa sauran fintinkau. A 2021 aka saki kod ɗinta kowa ya gwada, a 2022 aka buɗe rumbun hasashen siffofi sama da miliyan 200 kyauta, sannan a 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker.

Waya da kansar ƙwaƙwalwa

Wannan tambaya ta shafi kowa a nan, kuma tana nuna amfanin mataki na huɗu. A 2011 hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta saka siginar rediyo irin ta waya a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne yana jawo kansa amma hujjar ba ta da ƙarfi. Yawancin hujjar ta fito ne daga tambayar masu cutar su tuna yawan kiran da suka yi shekaru da suka wuce, kuma tunani kan yi gardama. Har yau ana yawo da wannan labari kamar an yanke hukunci.

A Satumbar 2024 aka buga wani babban nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, ƙarƙashin jagorancin masanan hukumar kula da tururin radiyeshan ta Ostireliya. Sun auna bincike 63 da aka buga tsakanin 1994 da 2022, kuma ba su samu alaƙa tsakanin amfani da waya da kansar ƙwaƙwalwa ba, har ga waɗanda suka shekara goma ko fiye suna amfani da ita. Idan bincike guda ya ci karo da nazarin da ya tattara gommai, na biyun ya fi cancantar ka jingina da shi.

Abin da za ka duba da wayarka

Ba ka buƙatar digiri kafin ka yi waɗannan, minti biyar da data kaɗan sun isa.

1. Nemo asalin takardar. Sahihin labari yana faɗin jami'a, sunan mai bincike da mujalla. Kwafi sunan ka saka a Google Scholar, ko a PubMed idan maganar lafiya ce. Labarin da ya tsaya a “masana sun ce” ba tare da suna ko ɗaya ba, jita-jita ce har sai an ga akasin haka.

2. Duba matakin da take. Idan adireshin na arXiv, bioRxiv ko medRxiv ne, daftari ne. Su bioRxiv da medRxiv suna rubutawa a saman shafi cewa ba a yi wa takardar bita ba, kuma idan daga baya mujalla ta buga ta, sukan nuna hakan.

3. Karanta taƙaitawar da ke farkon takarda, inda aka rubuta “Abstract”. Ko da Turancin ya yi nauyi, nemi abu uku: a kan wa aka yi gwajin, su nawa ne, da wa aka kwatanta su. Maganin da ya warkar da ɓeraye, ko ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba, yana da sauran doguwar tafiya. Ko cikin magungunan da suka kai ga gwaji a jikin mutane, kusan tara cikin goma ba sa kaiwa kasuwa.

4. Kula da wasan lissafi. “Haɗari ya ninka” na iya nufin daga mutum ɗaya cikin dubu goma zuwa biyu cikin dubu goma. Sannan tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya jawo ɗayan. Cinikin ƙanƙara da ƙurajen zafi duk suna ƙaruwa a watan Afrilu, amma rana ce ta jawo su, ba ƙanƙara ba.

5. Ga abin da wasu suka ce. A Google Scholar akwai mahaɗin “Cited by” a ƙarƙashin kowace takarda, yana nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Ka kuma saka taken takardar tare da kalmar “retracted” ka ga ko an janye ta. Shafin Retraction Watch, wanda aka kafa a 2010, aikinsa kenan.

6. Tambayi wa zai amfana. A ƙarshen takarda ana rubuta wanda ya ba da kuɗin binciken. Idan kuma labarin ya ƙare da lambar waya da farashin kwalba, ka san talla kake karantawa.

Wani gargaɗi game da manhajojin hira irin su ChatGPT da Gemini. Suna da amfani wajen sauƙaƙa maka bayanin takardar da ka riga ka samo. Amma idan ka ce su kawo maka hujja, suna iya ƙirƙiro sunan takarda da marubuta da ba su taɓa wanzuwa ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in bogi da ChatGPT ya ƙago musu. Yawancin takardun mujallu suna da lambar shaida da ake kira DOI, mai farawa da 10. Saka ta a doi.org, idan takardar na nan za ta buɗe, sai ka tabbatar taken ya yi daidai da wanda aka ba ka.

A taƙaice

Idan ka ga masana sun canza magana, kada ka ce ba su san abin da suke yi ba. Manhajar da ake sabuntawa ta fi wadda aka yi watsi da ita aminci. Matsalar ita ce labarin farko ne ke samun dubban masu turawa, gyaran kuma ya zo a makare babu mai kula shi. Kai ne za ka iya rage wannan giɓi a guruf ɗin gidanku ko na makarantarku, musamman idan labarin na iya sa wani ya sayi magani ko ya ƙi kai yaro rigakafi. Kafin ka danna alamar turawa, tambayi kanka ko daftari ne, ko an yi masa bita, ko wasu sun maimaita. Idan ba ka samu amsa ba, bar shi a wayarka tukuna. Sannu ba ta hana zuwa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.